Kwalbar wankin inji da ranar juye: jawabin ofishin magatakarda a taron cika shekara

Mai girma shugaba, iyayenmu dattawan Zango, alhazai da hajiyoyi masu kaya, iyayen gidanmu masu motoci, direbobi da yaransu, makanikai, da baƙinmu da suka taso daga Faraku da Malanbil da Seme, muna yi wa kowa barka da zuwa, da barka da ganin wannan rana a nan Gbegame.

Mun san da yawanku na jiran a yi maganar boda da duwan da kuɗin fito. Shugaba ya yi ta, ma'aji ma zai ƙara. Mu abin da ofis ya zo da shi ƙarami ne, kwalba ce da ba ta wuce rabin lita ba, wadda ake tsiyaya wa inji kafin a yi masa juye, ko bidanj kamar yadda muka saba cewa a nan. A jikin kwalbar za ku ga an rubuta da Faransanci cewa mai wanke inji ce "avant vidange", 'yan'uwanmu na Najeriya kuma suna ce wa aikin fulashin. Kada wani ya ce wannan maganar garaji ce, me ya kawo ta taron 'yan kasuwa. In kun buɗe littafin sulhu na ofis, bayan rigimar kamasho da ta kayan da suka salwanta, babu ƙarar da ke yawan dawo mana kamar ta injin da ya buga a hanya kwana biyu da fitowarsa daga garaji. Mai mota ya ɗora wa direba, direba ya ɗora wa makaniki, makaniki ya ce laifin mai sayar da baƙin mai ne, shi kuwa mai kaya yana can yana kirga kwanaki, kuɗin wani ne a hannunsa. Sau da yawa in muka bi diddigi sai mu tarar an yi wankin inji kafin tafiyar, kuma ba a san wanda ya ba da izinin yin sa ba.

Bari mu fara da abin da ke cikin kwalbar. Sinadarai ne masu narkar da dauɗa, wasu dangin kananzir ne, wasu kuma irin sabulun da ke cikin baƙin mai ne aka ƙara masa ƙarfi. Ana zuba su a kan tsohon mai yayin da inji ke da ɗumi, a bar shi a silo minti 10 zuwa 15, sannan a kwance a tsiyaye, a sa sabuwar filta, a zuba sabon mai. Akwai na Jamus, akwai na Faransa da Beljiyam, akwai kuma waɗanda ba a san inda aka haɗa su ba. Wanda ya tsaya ya ga abin da ke fitowa, baƙi ƙirin kuma tsararo kamar ruwa, dole ransa ya yi masa daɗi, ya ce lalle kuɗina sun yi aiki. To amma ko ba a zuba komai ba, man da ya yi kilomita dubbai a injin gazuwal baƙi zai fito. Baƙin nan ba shaida ba ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne baƙin mai na kirki da sabulunsa yake zuwa. A cikin galan ɗin da kuke saye, wani kaso mai kauri ba mai ba ne zalla, haɗi ne da kamfani ya yi: akwai wanda ke kashe tsamin da ƙonewar fetur ko gazuwal ke haifarwa, akwai wanda ke riƙe ƙurar hayaƙi ya hana ta kwanciya, ya yi ta yawo da ita har ranar juye ta fita tare da man. Shi ya sa man da ke aiki yake saurin yin baƙi, dauɗar ce ya ɗauka. Injin da ake ba mai na gaske, ana canza shi a kan lokaci tare da filta, wanka yake yi kullum yana tafe. Irin wannan injin in ka ƙara masa kwalbar wanki, ba ka cuce shi sosai ba, ka dai cuci aljihunka. Kamfanoni irin su Honda da General Motors sun rubuta wa garejojinsu cewa ba su yarda a mai da wankin inji cikin sabis na yau da kullum ba. Duk wanda ke da littafin motarsa ya duba shafin sabis, zai ga mai, zai ga filta, zai ga ruwan lagireto da belt, da wuya ya ga kwalbar nan.

To me ya sa ta karɓu a wurinmu haka? Saboda injunanmu suna da dauɗa da gaske, kuma mun san dalili.

Na farko man da muke ƙonawa. A watan Satumba na 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto bayan ta ɗebi samfurin mai a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas, har da Benin. Turai ta ƙayyade farar wuta, wato sulfa, a cikin gazuwal kada ta wuce kashi 10 cikin miliyan. A wani samfurin da suka auna, ta ninka wannan sau 378. A Disambar shekarar Najeriya da Benin da Togo da Gana da Kodebuwa suka amince su sauko zuwa kashi 50, a Fabrairun 2020 kuma ministocin CEDEAO suka zauna a Wagadugu suka mai da shi ƙa'idar yankin duka. An samu ci gaba, ba mu musa ba. Amma bidon ɗin da ke bakin titi bai iya karatu ba. Farar wuta in ta ƙone ta haɗu da damshi tsami take zama, tsamin nan shi ke cinye sabulun da ke cikin baƙin mai tun kafin lokacinsa. Kpayo kuma ba mu ce dukansa gurɓatacce ne ba, kowa a nan ya sha shi, sai dai abin da ya wuni a kwalba a rana, aka tace shi da tsumma, ba ka da tabbacin ruwa da ƙura da gaurayen da ke ciki.

Na biyu ƙasar da muke bi. Daga nan zuwa Malanbil ya haura kilomita 700. Ka tashi cikin damshin bakin teku, ka wuce Bohikon da Dasa da Sabe, kafin ka kai Kandi lokacin hunturu ƙura ta rufe gilashi. Ƙurar nan yashi ce mai laushi, in ta sami kafa ta filtar iska sai ta gauraya da mai ta zama kamar garin da ake goge tukunya da shi. Yaran mota kuma sun saba ɗaukar filtar iska su kai wa mai faci ya hura ta da iska mai ƙarfi, ta yi fes a ido, alhali takardar ta yage a inda ba a gani.

Na uku, kuma shi ne ya fi damunmu a 'yan shekarun nan, tsayuwa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, duk mun ga layin manyan motoci a Malanbil, wasu sun yi watanni ba su motsa ba. Waɗanda suka zagaya ta Lome da Burkina sun san zaman jiran rakiyar soja. Motar da ke tsaye mitarta ba ta ƙirga komai, amma direba yana tayar da ita safe da yamma don batir da iskar birki, wani lokaci don ya yi cajin waya. Injin da ke silo ba ya yin zafin da zai ƙone damshin cikinsa, gazuwal ɗin da bai ƙone ba yana zurarewa ta gefen ringi ya sauka cikin mai. Mai mota ya dubi mita ya ce ai saura kilomita dubu biyu kafin juye, bai san man ya riga ya mutu a tsaye ba. Ga kuma tsadar da ta biyo bayan cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da kuɗin kpayo ya kusan ninkawa a garin nan. Da riba ta ragu, abin da aka fara yi wa ƙwauro shi ne juye. Wanda ke yi bayan sahu uku ya koma bayan biyar, ya ce in ya so ranar juyen sai a sa kwalbar wanki ta biya bashin. A nan ne ɓarnar take.

Mu roƙi iyayenmu mata su tuna mana da tukunyar da aka bari ta yi ƙanzo. Man da ya wuce lokacinsa haka yake yi a cikin inji, ya yi kauri, ya daskare a bango da saƙo-saƙo, wani wurin kamar kwalta, wani wurin ya bushe ya yi ɓawo. Muddin yana manne a inda yake, injin na iya lallaɓawa da shi shekara da shekaru. Ka zuba masa sinadari mai ƙarfi na minti goma sha biyar, ba zai narke duka ba. Saman zai narke ya fita, na ƙasan ya jiƙa ya saki, ya riƙa ɓantarewa gutsure-gutsure, wani yau, wani gobe, wani bayan ka wuce Alada da lodi. Duk abin da ya ɓantare kaskon ƙasan inji yake faɗawa. A cikin kaskon nan kuwa akwai bakin bututun da famfon mai ke zuƙa da shi, an rufe shi da ragar waya kamar rariya. Filtar da kuka canza tana bayan famfo, ita rariyar tana gabansa, don haka sabuwar filta ba ta cece ta ba. In gutsattsarin suka toshe ta, famfo ya zuƙa ya rasa, ƙarfin mai ya faɗi.

Tsakanin karanshaf da mital, wanda makanikan nan ke kira kusine, abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe ɗan shafin mai ne da bai kai kaurin gashin kai ba. In ya yanke na 'yan daƙiƙoƙi ana kan gudu da nauyi, shi ke nan, sai ƙara. Turbo kuwa tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, bututun da ke kai mata mai bai fi kaurin fensir ba. Jar fitilar mai in ta kama a dashbod, sau da yawa aikin gama ya gama, balle a motocin da aka daɗe da cire ƙwan fitilar don tana damun direba. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Akwai ɓarna ta biyu da ba ta kai wannan ba amma ta fi yawa. Tsohon inji robobinsa sun bushe sun tsattsage, dauɗar ce ta liƙe tsagar take riƙe da mai. A wanke ta, washegari mai mota ya tarar da ɗigo a ƙarƙashin motar da ba ta taɓa yoyo ba, ya zo ofis yana cewa makaniki ya ɓata masa mota. Makanikin bai fasa komai ba, ya dai cire abin da ke rufa wa robar asiri. Sannan duk yadda aka tsiyaye, ba duka tsohon mai ke fita ba, wani yana maƙalewa a hanyoyin ciki da wurin sanyaya mai. Ragowar sinadarin nan tana haɗuwa da sabon man da kuka saya da tsada ta rage masa kauri tun ranar farko.

Wannan duk a kan kwalbar kanti muke magana, wadda aƙalla an auna ta. Abin da ya fi yawa a garejojinmu shi ne wankin gazuwal: a tsiyaye mai, a cika inji da gazuwal ko kananzir, a tayar. Iyayenmu makanikai, da girmamawa muke faɗa, mun san kun gaji wannan daga masu gidanku tun zamanin Berliet da tsohuwar Marsandi, injunan da ke da faɗin hanyoyin mai da haƙurin jaki. Injin yau ba haka yake ba. Gazuwal ba ya riƙe mital, minti biyar ɗin da injin ya yi yana juyawa da shi ya ci daga cikin kwanansa ko da bai nuna a ranar ba. Wanda kuma ke yi da fetur, wannan ba mu da abin ce masa sai dai ya nisanci garejin maƙwabta. Gobarar rumbun kpayo ta Seme-Krake a Satumbar 2023, wadda ta ci rayuka fiye da 30, ta ishe mu sanin abin da tururin fetur ke yi in ya sami tartsatsi.

Yanzu mu juyo ga 'yan'uwa masu harkar motocin gwanjo, don rabin maganar tasu ce. Motar da ta sauka a tashar jirgin ruwa aka kai ta fak a Sekanji, babu wanda ya san tarihinta. Wata ta fito daga hannun tsohuwar da ke kai ta sabis kamar asibiti, wata kuma tasi ce da aka mayar wa mita baya. A Turai akwai motocin da kamfani ya yarda su yi har kilomita 30,000 ko shekara biyu kafin juye, amma da mai na musamman da fetur mai tsabta. Mai ita na ƙarshe, da ya san sayarwa zai yi, ba lalle ne ya kashe kuɗin man nan ba. Kuma akwai injunan da tun a can an san su da tara dauɗa. Toyota Camry da Sienna da Avalon da Lexus RX300 na wajen 1997 zuwa 2002 sun jawo ƙorafi mai yawa a Amurka a kan daskarewar mai, har aka kai kamfanin kotu, aka yi sulhu a 2007 wanda ya shafi motoci sama da miliyan 3. Passat da Audi A4 masu injin 1.8 turbo na wannan zamanin su ma haka. Ku duba titunan Kwatano da Yamai da Sakkwato ku gaya mana ina waɗannan motoci suka ƙare. Suna hannunmu. Motoci ne masu ƙarko, ba kushe su muke ba, amma su ne na farko da bai kamata a zuba wa kwalbar wanki ido rufe ba.

Sababbin da ke shigowa daga Faransa kuma da tasu matsalar. Ƙananan Peugeot da Citroën masu injin PureTech 1.2, da Ford masu EcoBoost 1.0, belt ɗin taiminsu a cikin mai yake wanka. An riga an san cewa in man bai dace ba belt ɗin yana marmashewa, marmashin ya toshe rariyar nan da muka ambata. Robar da man da ba nata ba ma yake ci, ina ga an jiƙa ta da kananzir? Masu babur da masu keken ɗaukar kaya daga Tokpa su ma su ji: a yawancin baburanmu kuloci da inji mai ɗaya suke sha. Duk abin da ka zuba ya taɓa faifan kuloci. Ku nemi man da aka rubuta wa JASO MA a jiki, ku bar shi haka.

Abin da ya sa muka tsaya a kan masu gwanjo shi ne wata al'ada da ta fara yawa. Mai saye ya iso daga Maraɗi ko Ƙonni, abin da ya iya dubawa shi ne ya zaro geji ya ga launin mai, ya buɗe murfi ya leƙa. Sai dillali ya riga shi, a yi wa motar wanki da daddare, a zuba sabon mai garai-garai kamar man gyaɗa. Baƙo ya gani ya yaba, ya biya, ya kama hanyar arewa, wato tafiya mafi tsawo da zafi da motar za ta yi tun saukarta, a daidai kwanakin da dauɗar ke saki. Ta tsaya masa tsakanin Sabe da Faraku. Ba dillalin zai zaga ba, don bai ma riƙe sunansa ba. Cewa zai yi 'yan Kwatano sun cuce shi, kuma zai faɗa a tasha, ya faɗa a majalisa. Tun da Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa a Janairun 2017 kasuwar nan ta ragu, abokan cinikin da suka saura ba su da yawan da za mu riƙa zubar da su saboda kwalbar 'yan jakunkuna. Motar da ke da tsohon mai a ciki gaskiya take faɗa wa mai saye. A bar shi ya gani, a rage masa abin da za a rage, ya yi juyensa da hannunsa.

Wani zai ce to kun hana, me za mu yi da injin da muka san yana da dauɗa? Ba mu hana ba, mun ce a duba kafin a zuba. Buɗe murfin saman inji ba ya cin awa guda a yawancin motoci. In aka ga launin ruwan ƙasa ne kawai ya rina ƙarfe, babu abin da ya taru, wannan injin lafiyarsa lau, a mayar a rufe. In dauɗa ce mai laushi ba ta yi kauri ba, hanya mafi sauƙi ita ce a bar sabulun mai ya yi aikinsa a hankali: a zuba mai na gaske ko da ba mai tsada ba ne, da sabuwar filta, a yi kamar kilomita 1,000 a sake juyewa, a maimaita sau biyu ko uku. Ya fi kwalba tsada, amma kaɗan-kaɗan yake ɗebowa, filta tana kamawa. In kuwa aka tarar da ƙanzo wanda sai an sa sukundireba an kankare, babu kwalbar da za ta yi maganinsa. A sauke kaskon ƙasa, a ciro rariyar a wanke da hannu, a share abin da za a iya sharewa, a nan ne gazuwal da buroshi ke da amfani, a kan ƙarfen da aka kwance aka ajiye a faranti. Motar da ta sha ruwa a damina kuma, irin yadda unguwanninmu ke cika a watan Yuni, in man ya koma kamar shayi da madara, kada a tayar da ita ma. A tsiyaye, a gano ta inda ruwan ya shiga, ko ambaliya ce ko gasket ne ya ƙone, a gyara, sannan a yi juye biyu a jere.

Wanda duk da haka ya ga injinsa na tsaka-tsaki ne, makanikin da ya yarda da shi ya duba ya ce a yi, to a yi shi yadda aka rubuta. A tabbata kwalbar ta cikin mai ce, don akwai mai kama da ita wadda tankin fetur ake zuba wa saboda wanke nozul, kuma an sha musanya su. A duba yawan litar da aka yi ta dominsa: kwalbar da aka auna wa ƙaramar mota mai lita 4 ko 5 ba ta yin komai a tirela mai cin lita 30 da wani abu. A silo kawai, ba a taka totur, ba a zagaya unguwa da ita, ba a ƙara minti a kan abin da aka ce. Filta sabuwa dole. Juye na gaba a matso da shi kusa. Sannan abin da ya fi duka, kada a yi shi ana gobe tafiya. Motar ta yi mako tana ƙananan zirga-zirga a cikin gari, inda in fitila ta kama za a kashe a tura ta garaji. Ranar lodi ba ranar gwaji ba ce.

Da za a tambayi ofis inda ya fi kyau a sa kuɗin kwalbar, sai mu ce a sa su a tabbatar man da ake saye na gaske ne. Jabun baƙin mai ya fi komai kashe mana injuna. Ana tara tsohon man da aka tsiyaye, a tace shi, a gyara masa launi, a ɗura a galan ɗin babban kamfani, a liƙe. Galan ɗin daga ina suke samu? Daga wurinmu. Yaron mota yana sayar da shi don ya sami na shayi, bayan wata biyu ya dawo mana cike da abin da muka zubar. A huda gindin kowane galan kafin a yar. A sayi mai a gidan mai ko wurin dilan da ke ba da rasit, a duba lambar da littafin mota ya ce, 15W-40 ne ko 5W-30, kada a ce duk mai mai ne, ko a ɗauka wanda ya fi kauri shi ya fi kyau. Tsohon man kuma a tara shi a duro. Garin nan a kan yashi yake, ruwan rijiya yana kusa, abin da aka zuba a kwata ko dai ya gangara tafkin Nokuwe ko ya koma rijiyar gidan wani.

Game da lokacin juye, littattafan motoci da kansu suna da shafi na biyu don aikin wahala: ƙura, nauyi, zafi, yawan silo. Duk abin da suka lissafa aikinmu ne na kullum, don haka wannan shafin ne namu, kuma yawanci kusan rabin tazarar shafin farko yake bayarwa. Zuwa Malanbil da dawowa kusan kilomita 1,500 ne, kowa ya yi lissafin sahunsa. Motar da ta yi wata uku ko huɗu a layin boda ana tayar da ita a tsaye, a yi mata juye kafin ta ɗauki hanya, ko mita ta ce me.

Ga abin da ofis zai gabatar a zaman wata mai zuwa don ku amince ko ku gyara. Kowace motar da ke ɗaukar kayan 'yan ƙungiya ta riƙe ƙaramin littafi a aljihun dashbod, a rubuta ranar juye, lambar mita, irin man, garejin da aka yi, da ko an zuba wani abu ban da mai. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya ɗauki hoton galan da mita ya tura wa mai mota ta WhatsApp, duk mun karɓa. Direba ko makaniki ba zai yi wankin inji ba sai da bakin mai mota, in an yi kuma a ajiye kwalbar. Ɗan ƙungiya da ya sayar da motar da aka yi wa wanki ya faɗa wa mai saye a gaban shaida. In inji ya buga aka kawo ƙara, littafin nan za mu fara tambaya, wanda ba shi da shi kuma sai ya yi haƙuri da abin da dattawa suka yanke.

Mun buga samfurin shafin littafin, yana kan teburin bakin ƙofa, kowa ya ɗauki ɗaya in an tashi. Makanikan da ke da gyara a kan abin da muka faɗa, ofis a buɗe yake ranar Asabar da hantsi, a zo da hujja mu sa a takardar zaman.